Gargaɗin Gaggawa Ga Masu Sana'a Da Ma'aikata A Nima Da Maamobi Kan Saƙonnin Cikin Kundin Kwastomomi



Wannan kira ne zuwa ga iyayenmu masu shaguna da ofisoshi, da ƙannenmu maza da mata da ke zaune gaban kwamfuta a madadinsu, a Nima da Maamobi da Kanda, har zuwa Sabon Zango, Fadama, Madina da Ashaiman. Ya shafi ejan-ejan na Hajji da Umara, masu karɓar adashi da ƙananan kamfanonin lamuni, masu kemis da ƙananan asibitoci, makarantu masu zaman kansu, 'yan canji, da dillalan hatsi da ke ba 'yan kasuwar Laraba ta Nima kaya bashi. A taƙaice, duk wanda ke riƙe da sunayen mutane da lambobin wayarsu a cikin wata manhaja, da shi ake.

Ga abin da ya fi gaggawa tun kafin a shiga bayani. Daga yau, kada wani ma'aikaci ya canza lambar MoMo ta kwastoma, ko ya fitar da kuɗi, ko ya tura wa wani jerin sunayen kwastomomi, don kawai saƙo ya faɗo a cikin manhajar aiki da sunan Alhaji ko Hajiya ko abokin aiki. Ka ɗauki wayarka ka kira mutumin a lambar da ka daɗe da sani. In yana kusa, ka tashi ka same shi. Kai ne za ka yi kiran, kada ka yarda da kiran da ya shigo maka bayan saƙon yana cewa "ka ga abin da na rubuto maka?" In Alhaji ya ji haushin an dame shi yana cin abinci, haushin zai wuce kafin la'asar.

Shekarun baya, kundin kwastomomi littafi ne mai bango ja ko baƙi, yana kwana a durowa, mukulli a aljihun maigida. Yanzu sana'o'i da yawa sun koma manhajoji irin su Odoo, Zoho, HubSpot, Zendesk, manya kuma Salesforce, wasu kuma wani yaro mai ilimin kwamfuta ne ya haɗa musu tasu. Kusan dukkansu suna da wurin rubuta saƙo a jikin shafin kowane kwastoma, inda ma'aikaci zai ambaci sunan abokin aikinsa ya ce masa, "wannan ta biya rabi, a jira ta zuwa Juma'a." Abu ne mai amfani ƙwarai, kuma ba a ce a daina ba. Salesforce ta fito da nata, mai suna Chatter, tun 2010, domin dai a daina ɓatar da maganar aiki a tsakanin wayoyi da takardu. Inda aka samu matsala shi ne yaranmu sun ɗauki wannan wurin kamar hirar WhatsApp tsakanin aboki da aboki. Alhali rubutu a wurin daidai yake da rubutu a gefen katin adashin mutum: katin nasa ne, yana nan bayan ka bar aikin, kuma duk wanda katin ya shiga hannunsa zai karanta.

Hatsari na farko ba ya buƙatar ɓarawo ko mai kutse. Yatsanka kaɗai ya isa. A Odoo akwai maɓallai biyu maƙwabtan juna a shafin kwastoma. Ɗaya an rubuta masa "Send message", ɗayan kuma "Log note". Na biyun yana tsayawa tsakanin ma'aikata. Na farkon yana tafiya ga duk wanda ke cikin masu bibiyar shafin, kuma sau da yawa kwastoman kansa yana ciki, musamman in an taɓa tura masa rasit ko takardar farashi daga wurin. A Zendesk ma haka abin yake, akwai amsar da kwastoma ke gani, akwai rubutun cikin gida, a akwati ɗaya ake rubuta su, zaɓi ne kawai ya raba su. To a ce yarinyar ofis ta gaji, ga zafi, ga layi, ta rubuta wa abokiyar aikinta cewa Hajiya wance taurin bashi gare ta, kada a ƙara ba ta kaya sai mijinta ya sa hannu. Ta danna maɓallin da ba shi ba. Kafin ta ɗaga kai saƙon ya isa wayar Hajiya. Ba a janye imel da ya riga ya tafi.

A wata unguwar, irin wannan kuskure kwastoma ɗaya zai ci. A Zango kuwa kowa ya san abin da zai biyo baya. Hajiyar nan ƙanwar matar limamin masallacinku ce, ko magajiyar ƙungiyar da mahaifiyarka ke ciki, ko ita ce ta yi tsaye a bikin yayarka. Gidajenmu a cushe suke, bango ɗaya ya raba wannan da wancan, maganar da aka yi da hantsi a bakin kasuwa takan isa majalisar ataya kafin magariba. Saboda haka abin da ma'aikaci zai rubuta a shafin mutum ya zama abin da zai iya karanta wa mutumin a gabansa ba tare da ya sunkuyar da kai ba: nawa ya biya, nawa ya rage, yaushe aka yi alkawari. Labarin rikicin aurensa, ko ciwon da ya kai shi kemis, ko cewa shi Bazabarme ne ko Bakotokoli ko Bamoshe don haka a yi hattara da shi, duk ba su da gurbi a wurin. Wannan na ƙarshen ma abin kunya ne a unguwar da ƙabilu suka haɗa jini shekara da shekaru.

Kuma doka ta shigo cikin maganar, ko mun sani ko ba mu sani ba. Gana tana da Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2012, mai lamba 843, wadda ta kafa Hukumar Kare Bayanai. Dokar ta wajabta wa duk wanda ke tara bayanan mutane ya yi rajista da hukumar, ya kuma sabunta duk bayan shekara 2. Ta ba kowane mutum damar ya nemi a nuna masa abin da aka ajiye a kansa. Ta ware wasu bayanai ta tsananta a kansu, ciki har da lafiyar mutum, addininsa, ƙabilarsa da ra'ayinsa na siyasa. Ta haramta saye da sayar da bayanan mutane, hukuncin mai sayarwa kuwa yana iya kaiwa ɗaurin shekara 5. In an yi kutse aka kwashi bayanai, wajibi ne a sanar da hukumar da mutanen da abin ya shafa. Ga kuma Dokar Hulɗa Ta Na'ura ta 2008, mai lamba 772, wadda ta sa rubutun kwamfuta ya zama abin da kotu ke iya karɓa a matsayin shaida. Wasan da kuka yi da sunan kwastoma bara yana iya fitowa a takarda a gaban alƙali, da sunanka da rana da minti.

Yanzu ga babban abin da ya sa aka ce gargaɗin na gaggawa ne.

A yawancin ƙananan ofisoshinmu, kalmar sirri ɗaya ce kowa ke shiga da ita. Dalili biyu ne. Na farko, manhajojin nan kuɗinsu kan kowane ma'aikaci ake biya, da dala kuma, sai maigida ya ga ya fi sauƙi ya sayi gurbi ɗaya mutum biyar su raba. Na biyu, zumunci. Mai riƙe kwamfutar ɗan wan Alhaji ne, mai karɓar kuɗi 'yar maƙwabta ce, wa zai ce bai yarda da wani ba? Sai ka ga kalmar sirrin a manne a jikin allon kwamfuta da 'yar takarda, ko kuma sunan autan gidan ne da shekarar haihuwarsa. Da haka sunan da ke kan saƙo ya daina nuna wanda ya rubuta shi. Yaron da aka sallama watanni shida da suka wuce yana iya shiga daga ɗakinsa. Wanda ya tsinci wayar ma'aikaci a tirotiro yana iya shiga. Wanda ya sayi tsohuwar kwamfutar ofis a Sakul, ba a goge ta ba, shi ma yana iya shiga.

Wanda ya shiga ɗin, in mai wayo ne, ba ya garaje. Zai zauna ya karanta. Zai ga yadda Alhaji ke rubutu, yadda yake haɗa Hausa da Turanci, wa yake kira "ɗana", wane lokaci yake tafiya Kumasi ko Saudiyya. Zai ga wace Hajiya ce ta kusa cika adashinta, wane maniyyaci ne za a mayar wa da ragowar kuɗi. Ranar da Alhaji ke cikin jirgi ko yana masallacin Juma'a, sai saƙo ya bayyana a shafin Hajiyar, da sunan Alhaji da salonsa: ta canza layi, ga sabuwar lamba, a tura mata yanzu tana asibiti, kada a kira ni ina taro. Yarinyar ofis ba ta da dalilin shakka, domin saƙon a cikin gida ya fito. Kuɗin da ya shiga MoMo kuwa, cikin mintoci ake cire shi a wurin ejan ko a rarraba shi zuwa wasu layukan.

Alamun irin wannan saƙo ba sa canzawa sosai. Gaggawa, da hana kira, da neman a ɓoye wa sauran ma'aikata, da sabuwar lamba. In biyu daga ciki suka haɗu a saƙo ɗaya, a tsaya cak.

Ko da bai nemi a tura kuɗi ba, kundin da kansa dukiya ne. Ku duba abin da ke shafin maniyyaci ɗaya: cikakken suna, lambar waya, hoton fasfo, lambar Ghana Card, adireshin GhanaPost GPS, sunan magaji, da adadin da ya biya. Tun da aka fara haɗa layukan waya da Ghana Card a watan Oktoban 2021, waɗannan bayanan suka ƙara daraja a hannun mugu. Mun saba da ɗan damfarar da ke kira yana cewa ya yi kuskuren turo kuɗi, tsofaffinmu ma sun gane shi. Amma wanda ya kira Baba ya ambaci sunan ejansa, ya faɗi daidai sidin da ya biya ranar Talata, ya ce saura kuɗin biza a tura kafin azahar ko a rasa kujera, wannan da wuya a tsallake shi. Mutumin da ya shekara goma yana tara kuɗin Hajji ba zai tsaya dogon bincike ba in aka ce masa kujera za ta kuɓuce.

Kada wani ya ce ai mu ƙanana ne, ko kuma manhajarmu ta Turai ce ba a iya fasa ta. A 2025 wasu gungun masu kutse sun bi manyan kamfanonin da ke ajiye kwastomominsu a Salesforce, kuma ba su fasa komai ba. Waya suka riƙa bugawa ma'aikata suna cewa su ne sashen gyaran kwamfuta na kamfanin, suna lallaɓa su har su ba wata manhajar bogi izinin shiga kundin. A watan Agusta na shekarar Google da kansa ya amsa cewa an shiga ɗaya daga cikin kundayensa ta wannan hanya. Kamfanin jiragen Qantas na Ostireliya ya sanar a watan Yuli cewa an kwashi bayanan kwastomomi sama da miliyan 5 ta wata cibiyar amsa kira. Wanda ya fi dacewa da maganarmu shi ne na Cloudflare, kamfanin da tsaron intanet ne sana'arsa. A watan Satumba ya bayyana cewa an kwashe rubutun saƙonnin da ke tsakaninsa da kwastomominsa masu neman taimako, kuma da ya bincika ya tarar da mabuɗan shiga 104 da aka liƙa a cikin saƙonnin. Abin da ɓarayin ke lalube ke nan, kalmar sirrin da wani ya rubuta a akwatin saƙo yana ganin ai cikin gida ne. A nan Gana ma, a watan Afrilun 2025 MTN ta sanar cewa wani kutse ya iya shafar bayanan kwastomominta kimanin 5,700.

Don haka kada a sake rubuta lambar sirri ta MoMo, ko ta banki, ko kalmar shiga wata manhaja, a cikin akwatin saƙon nan. In an riga an rubuta, gogewa ba ta wadatar ba, a canza lambar yau.

Akwai kuma maganar da ba ma son yi, amma dole a yi ta. Da ɗan gari akan ci gari. Rahoton damfara na Babban Bankin Gana ya nuna ma'aikatan bankuna da cibiyoyin ajiya da aka samu da hannu a damfara sun tashi daga 188 a 2022 zuwa 274 a 2023. Waɗannan wurare ne masu masu bincike da kyamarori. A Amurka, kamfanin Coinbase ya bayyana a watan Mayun 2025 cewa cin hanci aka ba wasu masu amsa kiran kwastomomi suka kwafo bayanai, sannan aka nemi ya biya dala miliyan 20. Ƙanina, in wani ya same ka a majalisa ya ce ka turo masa lambobin kwastomominku zai ba ka na shayi, wai talla kawai zai yi musu, ka sani jerin nan a hannun 'yan sakawa zai ƙare. Manhajoji da yawa suna rubuta wanda ya sauke jerin da lokacin da ya sauke. Shi mai sayen ba za a gan shi ba, kai za a zo ɗauka a gaban mahaifiyarka. Sunan Nima ya daɗe yana shan zargin da mafi yawan mutanenta ba su ji ba ba su gani ba, samarinmu masu takardu suna ɓoye adireshinsu in suna neman aiki. Kada ka ƙara musu nauyi saboda sidi ɗari biyu.

Wanda ke ganin lambar waya ba wani abu ba ce, ya tuna manhajojin bashi na waya. A watan Yulin 2023 hukumar EOCO tare da Babban Bankin Gana da Hukumar Tsaron Intanet suka kai samame a Akara suka kama mutum sama da 400. Makaminsu jerin lambobin da ke wayar mai cin bashi ne, da shi suke bin dangi da abokai suna tozarta mutum.

Wani zai ce to mu bar manhajar mu koma WhatsApp. Wannan ya fi muni. A WhatsApp hoton fasfon maniyyaci yana sauka a wayar kowane ɗan guruf, ya shiga cikin hotunan suna da na biki, ya bi wayar zuwa wurin mai gyara, ya zauna a hannun wanda ya bar aikin har abada. Maigida ba shi da ikon goge shi. Ga kuma satar asusun WhatsApp da Hukumar Tsaron Intanet ta sha yin gargaɗi a kai, inda ake yaudarar mutum ya karanto lambobi 6 da aka turo masa. Maganar kwastoma ta zauna a cikin kundin, inda ake da iko da ita. Hira da barkwanci da ƙorafi kan albashi su fita daga kundin. Ku tuna kuma mai kula da manhajar yana iya ganin abin da kuka rubuta, har da wanda kuka yi a kansa.

Alhaji, Hajiya, nauyi mafi girma a kanku yake, kuma yawancinsa aikin yini ɗaya ne. Kowane ma'aikaci ya samu sunan shigarsa da kalmar sirrinsa. In kuɗin gurabe ya yi yawa, a rage masu shiga, kada a raba kalma ɗaya. A kunna tabbaci na biyu, wato lambar da ke zuwa waya duk lokacin shiga, manyan manhajojin nan duk suna da shi. A buɗe jerin masu izini a karanta shi suna bayan suna, a cire duk wanda ya bar aiki, ko da ɗan cikinka ne ya koma makaranta. A hana kowa sauke jerin kwastomomi gaba ɗaya sai mutum ɗaya. Yaron da ya haɗa muku manhajar shekara uku da suka wuce, ku tambaye shi ko har yanzu yana da hanyar shiga, kuma a ina bayanan suke kwana. Sannan ku tara yaranku ku faɗa musu da bakinku cewa ba za ku taɓa ba da umarnin canza lamba ko fitar da kuɗi ta saƙo kaɗai ba, kuma wanda ya kira don ya tabbatar ba zai sha faɗa ba. Wannan ya fi duk sauran muhimmanci, domin tarbiyyarmu ta hana yaro ya tambayi babba sau biyu, kuma a kan wannan kunyar ɗan damfara ke dogara.

Ku kuma iyayenmu da ke zuba adashi ko biyan kuɗin kujera, kuna da haƙƙin ku tambaya wa ke ganin bayananku. In an kira ku da sunan ofishin da kuke hulɗa da shi aka ba ku sabuwar lambar biya, ku kashe wayar ku taka zuwa ofishin, ko ku aiki ɗa. Sanin sunanku da adadin kuɗinku ba shaida ba ce. Lambar sirrin MoMo kuwa ba a faɗa wa kowa, ko ma'aikacin MTN ko Telecel ko AT.

In abin ya riga ya faru, kada a tsaya sasantawa a zaure har kwana uku su wuce, kuma kada a goge saƙon don kunya, shi ne shaida. A ɗauki hotonsa, a rubuta lambar da kuɗin ya tafi da lambar cinikin, a canza kalmomin sirri duka. A kira kamfanin layin nan take, masu MTN su buga 100. A kai rahoto ofishin 'yan sanda na Nima ko mafi kusa. A sanar da kwastomomin da bayanansu suka fita, domin su ne za a kira gobe. Hukumar Tsaron Intanet, wadda Dokar 2020 mai lamba 1038 ta kafa, tana karɓar ƙorafi ta kira ko saƙon tes a lamba 292.

Muna roƙon limamanmu su taɓo wannan magana bayan sallar Juma'a, sarakunan Zango da magajiyoyi su isar da ita a tarukansu, wanda ya iya karatu kuma ya karanta wa wanda bai iya ba. Mai ofis da ya karanta wannan, ya buɗe jerin masu izinin shiga kundinsa kafin ya rufe shago yau.